Gida Ɗari Biyu da Goma da Muka Sayar wa Farar Na'ura

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan zama, Alhaji Abdulganiyu Wasiu. Mai girma wakilin Sarkin Zango, wanda ya ajiye nasa al'amuran ya zauna da mu tun hantsi. Malam liman da ya buɗe mana taro da addu'a. Sakatariyar ƙungiya, Malama Nasira. Iyayenmu maza da iyayenmu mata. 'Yan uwana masu gidajen gem da masu sayar da na'urar wasa da faifai na Nima da Maamobi da New Town. Masu gyara waɗanda ba don su ba da rabin kayanmu suna bola. Da duk wanda ya zo don ya ji ko don ya yi magana, ina yi muku sallama irin ta Musulunci, ina kuma yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana taron bana lafiya. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama, ya kuma amince in yi magana da Hausa domin iyayenmu su ji da kunnensu, ba sai an fassara musu ba. Ina godiya ga mutanen Maamobi da suka ba mu ɗakin nan, suka jera kujeru, suka kawo ruwa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Muniratu Issifu. Ni da yayana Kamaldeen muke da shagon na'urar wasa da ke bayan tashar motocin haya na trotro a New Town. Shi ya fara sana'ar, ni na shigo daga baya, bayan na bar sayar da cajar waya a kasuwar Makola. Yau shekara bakwai muna buɗe ƙofa ɗaya.

Kowa ya san abin da ke gabanmu, amma bari in maimaita saboda baƙi. Sau ɗaya a shekara ƙungiyar nan take haɗa kai ta yi odar kaya daga waje, domin babu ɗayanmu da zai iya ɗaukar kuɗin jirgi da na kwastan shi kaɗai. Abin da ya shiga wannan oda, shi za mu sayar har shekara ta zagayo. Abin da bai shiga ba, babu shi a Zango. Na'ura iri biyu muke kawowa. Akwai baƙa, mai tsada, mai ƙarfi, wadda 'yan gem na sosai suke nema, waɗanda suka san sunan kowane sabon wasa tun kafin ya fito. Akwai kuma fara, mai sauƙin kuɗi, mai sauƙin riƙewa, wadda ba sai ka koyi maɓalli goma sha biyu ba. Ka ɗauki sandarta ka kaɗa hannu, abin da ke cikin talabijin ya bi ka. Ita ce ta 'yan jefi-jefi: uwa, uba, kaka, yara ranar Sallah.

Ƙudurin da aka karanta ɗazu ya ce daga bana a cire farar na'ura da faifanta da kayan gyaranta daga odar ƙungiya gaba ɗaya. Wanda ya kawo ƙudurin yayana ne, ga shi can zaune a layi na biyu. Wadda ta tashi domin ta ƙi ƙudurin ƙanwarsa ce. Mun yi wannan gardama a shago, mun yi ta a gida, har mahaifiyarmu ta hana a ambaci na'ura a kan abinci. Yau mun kawo ta gabanku. Magana uku nake da ita, kuma ta farko tana goyon bayansa ne.

Magana ta farko ita ce lissafi. Ba zan ɓoye shi ba, domin da hannuna na ƙirga.

A cikin shekara uku, shagonmu ya sayar da farar na'ura ɗari biyu da goma. A cikin waɗannan shekaru ukun, baƙa sittin kacal muka sayar. Duk wanda ya tsaya a nan zai ce fara ta yi nasara, kuma haka ni ma na ɗauka. Har ina yi wa Yaya Kamaldeen tsiya, ina cewa kayana sun ninka nasa sau uku da ɗoriya. Wata rana da azahar, shago babu kowa, ya ce in zauna mu ƙirga faifai.

Masu farar na'ura ɗari biyu da goma, ban da faifan da ke zuwa cikin kwali, faifai ɗari biyu da hamsin suka saya a shekara uku. Wato kusan ɗaya ga kowane gida. Gida ɗari da talatin a cikinsu ba su sake taka ƙofarmu ba tun ranar da suka ɗauki kwalinsu. Masu baƙa kuwa, su sittin ɗin nan, faifai ɗari shida da sittin suka saya. Sha ɗaya ga kowane mutum.

Ku da kuke cikin sana'ar kun san ma'anar wannan. Ribar na'ura ba ta taka kara ta karya ba. Sau ɗaya ake cin ta, kuma in ta dawo da matsala kai za ka gyara. A faifai ake cin abinci. Mutum ɗaya mai baƙar na'ura ya fi gida tara masu fara amfani ga mai shago. Yaya Kamaldeen ya ce mini a ranar, "Muniratu, ba kwastoma kike tarawa ba, baƙi kike sallama. Su zo sau ɗaya, su tafi." Lissafinsa daidai ne a ranar, kuma duk wanda ya ɗaga hannu ya goyi bayan ƙudurinsa yau ba wawa ba ne, ba kuma mugu ba ne.

Magana ta biyu ita ce abin da lissafin bai faɗa ba, kuma ita ce mai tsawo, don haka ku yi haƙuri da ni.

Lissafi ya ce masu fara ba su dawo ba. Bai faɗi dalili ba. Mu muka cike gurbin da bakinmu, muka ce ai su ba 'yan gem ba ne, sha'awa ce ta kwana biyu, ta wuce. Babu ɗayanmu da ya taɓa tambayar su. Sai na ɗauki lambobin wayar da muke karɓa saboda garanti, na zaɓi gida arba'in daga cikin waɗanda ba su dawo ba, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Bayan la'asar nake fita. Wata biyu ya ɗauke ni, domin kun san lungunan Nima: za a kwatanta maka gida, ka wuce shi sau uku kafin ka gane ƙofar.

A gida goma sha ɗaya na tarar Yaya Kamaldeen ne da gaskiya. An yi wasa makon Sallah, an gaji, an mayar da na'ura cikin kwali. A wani gidan ma an lulluɓe ta da kyalle an ɗora fulas a kai. Gida shida sun sayar da ita ko sun aika wa dangi a Tamale ko Kumasi. Waɗannan sun tafi, ba na da'awar komai a kansu.

Amma gida ashirin da uku, fiye da rabi, ko dai suna wasa har ranar da na je, ko kuma suna so su yi, wani abu ya tsayar da su. Kuma abin da ya tsayar da su ba gajiya ba ce.

Zan ba ku labarin gida ɗaya, da izinin masu shi. Da yawanku kun san Mma Barikisu mai waakye, wato shinkafa da wake, wadda take ajiye tukunyarta da safe a bakin titin Maamobi. Mijinta Baba Tijani tsohon ɗan sanda ne, ya yi ritaya da daɗewa. Shekara huɗu da suka wuce ya sami shanyewar ɓarin jiki, hannunsa na dama ya yi nauyi. A asibiti aka ce ya riƙa motsa hannun kullum. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ba da umarni, ba ya son a tsaya a kansa ana cewa ɗaga, sauke. Ya ƙi. Sai wata 'yar uwar Mma Barikisu ta ba ta shawarar na'urar nan. Mma Barikisu ta zo, ni na sayar mata. Na tuna ranar, domin ta ce in rubuta mata a takarda wace waya ke shiga wane rami.

Faifan da ke cikin kwalin yana da wasan da ake mirgina ƙwallo a kayar da kwalabe. Baba Tijani ya kama shi. Kullum bayan ya karya kumallo sai ya zauna gaban talabijin ya yi ta jifa da hannun nan mai nauyi, yana rubuta makinsa a bayan kalanda. Ni ba likita ba ce, ba zan tsaya a nan in ce na'ura ta warkar da kowa ba. Abin da matarsa ta gaya mini shi ne, wannan ne kaɗai abin da yake yi da hannun ba tare da an roƙe shi ba. Shekara biyu yana kan faifai ɗaya.

Ranar da na je gidan, na tarar da shi a kujera a tsakar gida, hannun yana kwance a cinyarsa. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Na tambayi Mma Barikisu ina na'ura. Ta ce, "Ai ta mutu, 'yata. Yau wata biyar. In an kunna sai ta yi ƙara, ta tsaya. Ina tara kuɗin sabuwa."

Na ce ta kawo in gani. Na kunna, na fitar da faifan, na juya bayansa. Duk ya karce. Na'urar lafiyarta ƙalau. Na ce, "Mma, faifan ne kawai ya lalace. Sai a sa wani."

Ta dube ni, ta ce, "Ana sayar da shi daban?"

'Yan uwa, shekara biyu da wata biyar wannan mata tana da kayanmu a ɗakinta, ba ta san ana sayar da faifai daban ba. Ba ta san akwai wasu wasannin ba. Ta ɗauka abin kamar rediyo ne: abin da ya zo da shi, shi ke nan. Wa ya kamata ya gaya mata? Ni. Na rubuta mata inda waya ke shiga, ban gaya mata wannan ba, domin a kaina kowa ya sani.

Na ce, "To Mma, da ta tsaya, me ya hana ki kawo ta shago?"

Ta ce, "Na zo. Sau biyu. Na farko na tsaya a ƙofa, samari sun cika wurin, ana ihu kamar filin ƙwallo, ba wanda ya waiwayo, na koma. Na biyu na shiga. Wani ya tambaye ni sunan wasan da turanci. Na ce na kwalabe. Suka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, na sani. Amma ni da jikoki, ba zan tsaya ana yi mini dariya a kan abin wasa ba."

Ban san ko ina shagon a ranar ba. Na yi ta tunani, ban tuna ba. Wataƙila ina nan, ina ƙirga fad, abin maɓallan nan da ake riƙewa a yi wasa, ban ɗaga kai ba.

Washegari na kai musu sabon faifai. Na sa, na kunna. Baba Tijani ya jira har kwalaben suka jeru. Sannan ya miƙa hannun hagu ya karɓi sandar, ya sa ta cikin na dama, ya matse yatsun da kansa. Jifar farko ƙwallon ya bi gefe, bai taɓa ko ɗaya ba. Ya ce, "Wata biyar ya ci hannun." Ya sake jifa. Na bar shi yana ta yi. A bakin ƙofa ya kira ni ya ce, "Yarinya, an ce akwai wasu. Akwai na harbi?" Na ce akwai na kibiya. Ya ce, "Kawo. Ni na koya wa rabin barikinmu saiti."

Irin wannan na ji a gidaje da dama, kowa da nasa salo. Wata malamar makaranta a Nima ta ce ta san ana sayarwa, amma duk lokacin da ta duba kantarmu ba ta ganin komai sai bindiga da mota da ƙwallo, don faifan iyali muna ajiye su a ƙasa, bayan kwalin wayoyi. Wani direba ya ce sandarsa ɗaya ta lalace, ya tambaya a shaguna uku, aka ce babu, ya haƙura. Masu shagunan nan uku duk suna cikin ɗakin nan, shago ɗaya kuwa namu ne.

Saboda haka da muka ce ba sa saye, rabin gaskiya muka faɗa. Ɗaya rabin shi ne ba mu sayar musu ba. Mun gina shagunanmu yadda za su dace da mutum sittin, muka zuba ido muna jiran mutum ɗari biyu su shigo, da ba su shigo ba muka ce laifinsu ne.

Magana ta uku ita ce abin da na gwada, da abin da ya ci mini.

Na roƙi Yaya Kamaldeen ya ba ni safiyar Asabar, daga ƙarfe tara zuwa azahar. Ya ce in ɗauka, zan gani da idona. Na rage ƙarar sifika, na kawo benci biyu, na ɗaga faifan iyali daga ƙasa na jera su daidai ido, na liƙa wa kowanne takarda da Hausa da turanci mai cewa wannan na rawa ne, wannan na kibiya, wannan mutum huɗu za su iya yi tare. Na kira gidaje ashirin da ukun nan a waya. Asabar ta farko mutum biyar suka zo, har da Baba Tijani da aka kawo a tasi. Ta huɗu sun kai goma sha tara. Wasu ba su sayi komai ba, sun gwada sun tafi. Wasu sun dawo da maƙwabta.

A nan ne na rasa Ukasha. Duk mai sayar da faifai a New Town ya san Ukasha mai walda. Babu wanda ya kai shi saye a shagonmu: akwai shekarar da ya ɗauki faifai ashirin da biyu shi kaɗai. Asabar ce ranar hutunsa, kuma babban talabijin ɗinmu kamar nasa ne. Ya shigo wata safiya ya tarar da mata uku suna wasan rawa a kai, Baba Tijani yana ba su maki. Ya tsaya, ya dube ni, ya ce, "Haba, Hajiya, shago ne ko gidan suna?" Na ce ya dawo bayan azahar. Ya ce, "Shekara shida ina zuwa nan, yau ni ake ba lokaci." Ya fita. Bai dawo ba, abokansa uku ma suka bi shi.

Yaya Kamaldeen ya yi kwana huɗu ba ya yi mini magana sai ta aiki. Ina ganin yana da hujja. Na kori mutumin da ya fi kowa saye saboda mutanen da ba su san sunan wasa ba.

Bayan wata ɗaya na je wurin aikin Ukasha domin in ba shi haƙuri. Na tarar yana haɗa ƙofar ƙarfe. Ya kashe injin, ya cire gilashi, ya jawo mini kujera. Na fara magana, ya tsayar da ni. Ya ce, "Hajiya, bari in faɗa miki gaskiya, kada ki ɗauki abin da ba naki ba. Raina ya ɓaci ranar nan, e. Amma tun kafin nan na daina sayen faifai. Tun da na ja intanet gida, kai tsaye nake sauke wasa a na'ura. Ranar da ya fito, ranar nake samu, ba sai na jira odarku ba. Biyun ƙarshe da na saya a wurinki, kunya ce ta sa. Don hira da kuma babban talabijin nake zuwa."

Na dawo na gaya wa Yaya. Ya ce Ukasha mutum ɗaya ne. Na ce mu jira ƙarshen shekara.

Ga ƙarshen shekarar. A da, masu baƙa suna sayen faifai ɗari biyu da ashirin a shekara. Bara ɗari da hamsin suka saya, alhali yawansu ya ƙaru. Mutum huɗun da suka yi fushi ba su isa su kawo wannan ragi ba. Na tambayi sauran, fiye da rabi sun ba ni amsar Ukasha. Masu fara kuwa, waɗanda a da ba sa wuce tamanin da 'yan kai a shekara, bara ɗari uku suka saya.

Kada kowa ya yi tafi. Faifan fara ya fi arha, sai ka sayar da biyu kafin ka ga ribar ɗaya na baƙa. Wato ɓangarorin biyu sun zo kusan daidai, ba wanda ya kayar da wani. Har yanzu mutum ɗaya mai baƙa ya fi mutum ɗaya mai fara saye, kuma ina jin haka zai ci gaba. Mai fara ba zai taɓa ɗaukar faifai ashirin a shekara ba. Zai ɗauki ɗaya da Sallah, wataƙila ɗaya lokacin hutun makaranta. Kuma yana da wahala: sai ka zauna da shi, ka nuna masa, ka amsa tambaya ɗaya sau uku. Shagonmu kuma ɗaya ne cikin talatin da huɗu, shekarar ma ɗaya ce. Ba zan ce abin da ya faru a New Town lallai zai faru a Nima ba.

Abin da zan iya cewa shi ne wannan. Ɗan gem na sosai ya san abin da yake so, ya san inda zai same shi, kuma kullum buƙatarsa gare mu raguwa take yi. Ba don ya ƙi mu ba, sai don hanya ta buɗe masa. Ɗan jefi-jefi bai san abin da yake so ba sai an nuna masa, ba zai buɗe asusu a intanet ba, ba zai sa katin banki cikin na'ura ba, yana son ya ga mutum, ya riƙe abu a hannu, ya san ƙofar da zai koma in ya lalace. Na farko yana saye da yawa, yana kan hanyar fita. Na biyu yana saye kaɗan, kuma ba shi da kowa sai mu. Ƙudurin da ke gabanmu ya ce mu zuba duk abin da muke da shi a kan na farko, mu rufe ƙofa a kan na biyu.

Ba na roƙon a rage wa baƙa matsayi. Masu ita su suka riƙe mu shekara da shekaru, su ne suka sa aka san mu, kuma kuskuren da na yi wa Ukasha ba na so wani ya maimaita shi. Da na yi tunani, da na gaya masa tun kafin ranar, ba ya shigo ya tarar ba. Abin da nake roƙo gyara ne ga ƙudurin. A bar wa baƙa kashi biyu cikin uku na odar bana. A bar wa fara kashi ɗaya, kuma a cikin kashin nan a rage na'ura, a ƙara faifai da sanda da waya, domin buƙatar waɗanda suka riga suka saya ta fi gaggawa a kan neman sababbi. Sannan kowane shago da ya yarda ya ƙirga faifansa shekara guda, fara daban, baƙa daban, ya kawo wa Malama Nasira. In muka dawo baɗi lissafin shaguna talatin da huɗu ya ƙaryata ni, ni da kaina zan tashi in karanta ƙudurin yayana, in fara ɗaga hannu.

Yaya Kamaldeen, kai ka koya mini sana'ar nan, kai ka koya mini in ƙirga kafin in yi magana. Ban tashi don in kunyata ka ba. Duk yadda ƙuri'a ta faɗi, zan karɓa, kuma ranar Litinin ni zan riga ka buɗe shago kamar kullum.

Ga sauran 'yan uwa, abu ɗaya nake so ku riƙe kafin shugaba ya ce a ɗaga hannu. Mu a shagonmu gida ɗari biyu da goma muka sayar wa, bara kuma an ƙara. In aka haɗa da naku, ban san adadin ba, amma ya haura dubu. Babu ɗayansu da yake ɗan ƙungiya. Babu ɗayansu da aka gayyata yau. Ba su san ana wannan zama ba. In ƙudurin ya wuce yadda yake, ba za su ji a rediyo ba. Za su sani ne ranar da faifai ya karce ko sanda ta daina aiki, su zo ƙofarmu, mu ce babu, kuma ba za a sake kawowa ba. Mu muka karɓi kuɗinsu, mu muka ce musu kaya ne mai kyau. Duk wanda zai ɗaga hannu, ya fara shirya amsar da zai ba su a wannan ranar, domin a bakin ƙofarsa za a yi masa tambayar.

Allah ya sa mu zaɓi abin da ya fi alheri, ko da ba shi muke so ba. Allah ya sa albarka a sana'armu, ya tsare kayanmu a ruwa da tudu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya ƙara wa shugabanninmu haƙuri da mu, ya haɗa kan Nima da Maamobi da New Town, ya zaunar da Ghana lafiya. Allah ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.